Taken Ɗanjuma a Makirufo Ɗaya

Jiya da hantsi wasu samari suka shigo mini situdiyo, kowa da hedifon rataye a wuya. Babbansu ya ajiye wayarsa a kan miksa, na'urar haɗa sauti, wurin da ko kofin shayi ba na yarda a ajiye, ya kunna waƙar Zuwaira, waƙar nan da ba a yin biki a Nima ko Mamobi, unguwanninmu na Accra, ba a saka ta ba. Kiɗan farkon waƙar na tashi sai ya tsayar, ya ce, "Kawu Idi, cale, wannan ganga muke so. Ka tura mana shi kaɗai, ban da murya. Ba wani aiki ba ne koraa, ko kaɗan." Na ce masa ni ba calensa ba ne, wato abokinsa, na haifi wanda ya girme shi. Kuma abin da ya kira ganga sunansa kalangu, kuma ba zan bayar ba. Suka fita suna gunaguni, wai tsohon nan rowa gare shi. To ku samarin da kuka taru a nan yau, tun da har kuna ganin sana'ar nan danna maɓalli ce kawai, bari in zauna in gaya muku inda kiɗan nan ya fito.

Aikina na farko a wannan sana'a naɗe wayar lasifika ne. Mahaifina mutumin Maraɗi ne, dako ya kawo shi Accra, kuma ya so in yi ɗinki. Ni kuwa duk inda aka kafa lasifika can ake samuna. Da ya gaji da nemana sai ya kama hannuna ya kai ni Kokomlemle wurin Papa Tete, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga mai ba da hayar kayan sauti, yana kuma ɗaukar waƙoƙin hailaif a wani ɗaki bayan gidansa. Na shiga ina zaton washegari za a zaunar da ni gaban miksa. Ina! Tulin wayoyi aka zube mini, sun cukuikuye da taɓo daga wata jana'iza, aka ce in wanke, in shanya, in naɗe. In ka naɗe waya a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, cikinta zai karye, kuma ba za ta tona maka asiri ba sai ranar da mawaƙi ke tsakiyar baiti a gaban jama'a. Papa Tete ba ya faɗa. Warwarewa kawai yake yi ya jefo maka, ka sake.

Wani mai jita ne ya sa na fara ganin ainihin aikin. Tsoho ne daga bakin teku, yatsunsa duk kanta, yana zaune a baranda yana kaɗawa a hankali. Ni na riga na kafa makirufo a cikin ɗaki ina jira. Sai na ga Papa Tete ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana zagaya mutumin, ya durƙusa, ya miƙe, ya matsa baya, ya leƙa ta kafaɗarsa. Can ya tsaya cak kusa da wata randa, ya nuna ƙasa da ƙafa ya ce, "Nan." Da muka saurara daga baya, har numfashin katakon jitar ana ji. Ya ce mini makirufo kunne ɗaya gare shi, kuma ba shi da wayo, duk inda ka ajiye shi nan zai saurara. Kai mai ƙafa kai ne za ka je ka nemo masa wuri. Na yi shekaru a hannun mutumin nan, kuma ban taɓa ganin ya taɓa maɓalli kafin ya yi wannan zagaye ba. Allah ya saka masa, ya iya aiki.

Da na buɗe nawa wurin a Nima, kwalin ƙwai na bi na manna a bango, na toshe taga da tsohuwar katifa. Lokacin kaset ne. In mawaƙi ya yi kuskure a baitin ƙarshe, ba gyara, sai a koma tun daga farko, shi ya sa mawaƙan wancan zamani suke zuwa da waƙarsu a haddace. A ɗakin nan na ga yayi iri-iri ya zo ya wuce. Na ga lokacin hiflaif, da samari suka gane ashe ana iya jera magana da sauri da Twi da Hausa a kan kiɗan gida. Na ga azonto, da kowa ya koma rawa kamar yana wanki ko guga. Dansihol kuwa a Nima ya sami gindin zama, har yaron da bai taɓa wuce Kasoa da ke nan bakin Accra ba sai ka ji ya shaƙe murya yana waƙa kamar an haife shi a Jamaika. Ba raini nake yi ba. A cikinsu na ga masu baiwa ta gaske, na ga yaron da zai tsaya gaban makirufo ba takarda ba komai, ya zubo baiti da harsuna huɗu bai yi tuntuɓe ba. Irin wannan ko a wace ƙasa ce sai an sara masa.

Akwai abin da kwamfuta ba za ta koya muku ba game da aiki a Zongo, wato unguwanninmu na Musulmi. Masallatai sun kewaye mu, kowanne da lasifikarsa da ladaninsa, kuma ba tare suke farawa ba. Dole ka san lokacin da za ka ce wa mawaƙi ya dakata, a je a yi salla a dawo. Dole ka san ranar da maƙwabciya ke daka fufu, don tabaryarta tana shiga makirufo ta ƙarƙashin ƙasa. In ka gama haɗa waƙa kuma, kada ka yarda da manyan lasifikun ɗakinka, daɗin baki gare su. Ni rediyon mai shayin bakin layinmu nake kai wa, wadda aka ɗaure murfinta da roba. In murya ta fito a nan tsaf, za ta fito a turoturo, motar hayar gari, za ta fito a wayar mai sayar da waace, shinkafa da wake.

Shekarar da dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, ya yi tsanani ita ce mafi muni da na gani. Wuta ta zo, kafin kwamfuta ta gama farkawa an ɗauke. Wata rana ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini amfilifaya, har ɗakin ya yi kwanaki yana warin roba. Janareto kuma ba ya zama da makirufo, rurinsa sai ya shiga kowace waƙa. Masu situdiyo da yawa suka rufe, wasu suka koma cajin waya. Ni batirin mota na samo, na haɗa shi da wata 'yar na'urar ɗaukar sauti da ke shiga jaka, na koma aiki da makirufo ɗaya kamar zamanin Papa Tete. A cikin wannan hali ne Zuwaira ta shigo.

Na santa sama-sama. 'Yar Mamobi ce, tana yi wa mawaƙa amshi, ta kuma fitar da waƙoƙinta na dansihol da ba su je ko'ina ba. Muryar tana nan, mai kauri, mai ɗan kaushi a ƙasa, amma kullum cikin rigar wani take saka ta. Ran nan ba ta zo da rawar kai ba. Ta zauna ta rera mini wata waƙa ba kiɗa, a kan mahaifinta Ɗanjuma, mahauci a Sabon Zongo, wanda ya rasu tana 'yar yarinya. Ban san lokacin da na ajiye abin da ke hannuna ba. Da ta kai aya na ce mata wannan ita ce waƙarta, sauran duk aro ne.

Ta ce, "Kawu, saura abu ɗaya. Ina so taken babana ya buɗe waƙan."

Ku da kuka tashi da kiɗan kwamfuta, bari in yi muku bayani. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, fatar tana hawa tana sauka kamar muryar mutum, har ka ji magana a ciki. Kowane mahaucin da ya isa yana da takensa. In aka kaɗa, kiransa ake yi, shi kuma sai ya ɗaga wuƙa ya amsa da kirarinsa, kasuwa ta san namansa ya fito. Zuwaira tana tuna farkon taken babanta da farkon amsarsa, sauran ya ɓace mata. Ta yi mini da baki, na gwada a kibod, na lanƙwasa sautin iya lanƙwasawa. Ta saurara ta girgiza kai ta ce, "Ba shi ba ne koraa. Wannan ba ya kiran kowa."

Mutum ɗaya ya rage da ya san taken, Baba Sale mai kalangu, Basakkwace, wanda ya yi wa mahautan Sabon Zongo kiɗa tun kafin a haifi Zuwaira. Hannunsa ya fara rawa, idonsa ya dushe, kuma ɗansa ya riga ya ce bayan Babbar Salla zai mayar da shi gida. In ya tafi, taken ya tafi ke nan. Muka ɗauko shi a tasi muka kawo shi situdiyo, muka yi sa'a ranar akwai wuta. Na zaunar da shi, na sa masa hedifon, na kunna ɗan bugun nan kas-kas-kas da muke sa wa mawaƙi a kunne don kada ya kauce. Ya saurara kaɗan ya cire ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam Idi, wane ne wannan mai ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe mishi?"

Na kashe. Ya ɗumama hannu, ya kaɗa mana kiɗan biki, ya kaɗa na tashe, duk da rawar hannun sai da tsigar jikina ta tashi. Sai Zuwaira ta durƙusa ta ce, "Baba, mepa wo cew, don Allah, taken babana." Ya kwantar da makaɗi a cinya, ya ɗaga kai yana duban kwalayen ƙwai da katifar taga.

Ya ce, "Ɗiyata, wa zan kira nan? Take kira ne. Ba a kiran mutum inda babu mai amsawa. Tun ranar da aka kai Ɗanjuma ban sake kaɗa shi ba, don bai bar namijin da ya ɗauki wuƙarsa ba. In na kaɗa a ɗakin ga, shiru zai amsa mini, ni kuwa ba ni iya jin wannan shiru."

Muka yi lallashi har muka gaji. Ba gardama yake ba, kuma ba wani abu yake nema a hannunmu ba. Da muka mayar da shi, wani mai haɗa kiɗa da ke zaune a situdiyo ya ba mu dabara irin taku, wai a ja tsohon da hira a bar na'ura a kunne a aljihu, ko da baki ya yi taken an samu, sai a gyara a kwamfuta. Kafin in buɗe baki Zuwaira ta ce, "Sunan babana zan sata? A'a, cale. In mai amsawa yake so, ni zan amsa."

Ranar da muka je wurin Sarkin Fawa na raka ta ne kawai, ban yi zaton za a dace ba. Yana zaune a benci bayan rumfunan nama, dattawan mahauta kewaye da shi. Muka gaisa, ta faɗi abin da ya kawo ta. Wani ya yi dariya, wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi wa mace taken fawa ba, wani kuma ya ce ai waƙoƙin zamanin nan batsa ce, za a kai sunan Ɗanjuma gidan rawa. Sarkin Fawa ya bar su suka gama, sannan ya dube ta.

Ya ce, "Amsa take ba da baki kaɗai ake yi ba. Mai amsawa a bakin teburi yake, da wuƙa a hannu. Kin iya riƙe ta?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni."

Aka miƙo mata cinyar rago da wuƙa. Ta gyara mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta gwada kaifin da babban yatsa, ta ce wuƙar ta dakushe, a ba ta dutse. Nan dariyar ta fara raguwa. Ta wasa, ta bi gaɓa ta zare ƙashin fes, ta ware tsoka gefe, kitse gefe. Ashe tun tana ƙarama ita ke wanke wa babanta tumbi da hanji, yana nuna mata yanka in kasuwa ta lafa. Wani tsoho da ke ƙarshen benci ya ce, "Wallahi haka Ɗanjuma ke karkata wuyan hannu." 

Sarkin Fawa ya ce ya yarda, ranar jajiberin Salla da safe, a teburin babanta, wanda ke riƙe da shi yanzu zai matsa mata. Sai ya juyo kaina. Ya ce ya ji labarin irin aikinmu, muna datsa kiɗa gunduwa-gunduwa muna maimaitawa. Ya ce, "Mu mahauta ne, yanka sana'armu ce, amma take ba a yanka shi. Ka sa shi cikakke, sau ɗaya, da amsarsa, kuma kada wata ƙazamar magana ta biyo bayansa." Na ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka." Ina faɗa ina tunanin wahalar da na jawo wa kaina, don duk kiɗan zamani a kan ma'aunin kwamfuta yake tafiya, Baba Sale kuwa ba ruwansa da ma'aunin kowa.

Safiyar jajiberi na isa da jakata da batirin mota a kafaɗa. In kun san kasuwar nama ranar jajiberin Salla, kun san ba wurin ɗaukar sauti ba ne. Gatari na sauka a kan kututture, ana wasa wuƙaƙe, mata na ciniki da Twi da Ga da Hausa, raguna na kuka a baya, ƙudaje kuma sun ɗauki makirufona wani sabon nama. Na roƙi mahautan kusa su ɗan dakata da sara. Baba Sale ya ji, ya ce, "Kul! Bar su. Saran ga shi nike bi, in sun tsaya me zan taka?" Na koma kan na'urata.

Makirufo ɗaya gare ni, kuma na san sau ɗaya za a yi. Baba ya fara ɗumama fata, ni kuma na toshe kunne ɗaya na shiga zagaye. Mahauta suna kallona suna dariya, wani ya ce mai waya ya taɓu. Kusa da kalangu kiɗan ya yi ƙarfi, zai danne murya. Kusa da teburi kuma gatari ya cika kunne. Na durƙusa, na miƙe, na matsa, sai ga wani lungu tsakanin ƙarshen teburin da bangon siminti, daidai tsayin ƙirji, inda kiɗan ke dawowa da taushi, saran ya koma baya, kuma duk wanda ya yi magana a bakin teburin kamar a kunnenka yake yi. A wurin akwai kwatar da ruwan wankin nama ke bi. A ciki na tsaya, na riƙe makirufon da hannu biyu, na ɗaga wa Baba kai.

Zuwaira tana bakin teburi da wuƙa, an rataye mata rabin sa a gaba. Baba Sale ya gyara kalangu a hammata. Hannun nan da ke rawa, yana ɗora makaɗi a fata sai rawar ta tsaya, da idona na gani. Ya kaɗa, kuma ko ni da ba mahauci ba na ji abin da yake faɗa: Ɗanjuma, kasuwa ta cika, ina kake? Tsofaffin mahauta suka ɗago kai gaba ɗaya, wasu har da waigawa wajen ƙofa.

Ta ɗaga wuƙa ta ce, "Ga ni nan, ban makara ba!"

Iyakar abin da take tunawa ke nan. Baba ya zarce, ya kaɗa rabi na biyu, wanda rabonta da ji tun tana yarinya, ya tsaya yana jira. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ina kallon allurar na'ura ta kwanta. Gabana ya faɗi, don shirun nan da tsohon ya ce ba ya iya ji, ga shi mun jawo masa a gaban jama'a. Dattawan da ke wurin duk sun san amsar, amma ba wanda ya isa ya faɗa mata, sai dai na ga leɓunansu na motsi. Baba bai sauke makaɗi ba. Ya matse tsarkiya ya ɗan ja sautin ƙarshe a hankali, kamar mai taɓa kafaɗar wanda ke barci. Sai na ga ta rufe ido, ta karkata wuyan hannu, ta sauke wuƙar a kan nama, maganar ta fito tare da yankan.

"Mai saye ya matso! Wanda bai da shi ma ya matso! Ba a barin teburin Ɗanjuma hannu wofi!"

Kasuwa ta ɗauka. Gatura suka sauka a kan kututture kusan tare, wata mata mai sayen kayan ciki ta rangaɗa guɗa. Duk wannan yana cikin waƙar, in kun saurara da kyau za ku ji. Zuwaira kuwa ba ta tsaya sharar hawaye ba, don mutane sun riga sun matso. Wata tsohuwa ta miƙo hannu, Zuwaira ta yanko tsoka mai kyau ta naɗe mata ta ce ta tafi. Ta tsaya a teburin nan tana yanka har rana ta take. Na yi aiki da mawaƙa masu yawa, amma ranar na ji girman wannan yarinya a raina, kuma har yau ina ji.

Haɗa waƙar ya ci mini makonni. Da yake ba zan taɓa taken ba, sai na kashe ma'aunin kwamfuta, na bi saran gatarin kasuwa na ɗora kowane bugu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, inda Baba ya yi sauri kiɗan ya yi sauri, inda ya ja ya ja. Bes ɗin ma, wato sautin ƙasa mai kauri, sai da na sa mai jita ya zo ya bi shi da kunne. Ɗan shirun nan da Zuwaira ta yi kafin ta tuna, mutane da yawa sun ce in cire, wai gidajen rediyo ba sa son shiru. Ita ta ce a bar shi, kuma ta yi gaskiya, don a wurin biki daidai nan ne kowa ke riƙe numfashi. Wuta na zuwa in yi aiki, a ɗauke in koma batiri. Da na gama na kai wa rediyon mai shayi. Mai shayin ya shagala da saurare har madarar da yake zubawa ta cika kofi ta zube.

Waƙar ta fita ba tare da wani shagali ba, daga waya zuwa waya. Kafin wani lokaci ina jin ta a turoturo, ina jin ta a unguwar Kanda, har 'yan Kumasi masu kiɗan asaka suka fara aiko mata da saƙo a yi waƙa tare. Daga ita ta fitar da kundi guda, duk da muryarta ta ainihi, ba ta sake shaƙe wuya don ta yi kama da wani ba. Mahautan Sabon Zongo kuwa sun daina kiranta Zuwaira. In ta shiga kasuwa sai ka ji ana, "Ɗanjuma, an iso?"

Tafiyar Baba Sale ta ɗan ja baya saboda jiki, don haka muka same shi kafin ya wuce. Yana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, an riga an ɗaure kayansa, kalangun na cikin buhu. Na miƙa masa hedifon, ya ture ya ce a kunna a fili. Muka kunna. Ya saurara kansa a sunkuye. Da aka zo wurin shirun na ga ya damƙe gefen tabarma, da amsar ta fito ya saki. Ya ce a sake, muka sake.

Sannan ya ce, "Malam Idi, abin ga in an kunna shi Kumasi, haka za ta amsa?"

Na ce, "Haka, Baba."

"In an kunna bayan na mutu fa?"

"Ko an kunna bayan dukkanmu mun mutu."

Ya jinjina kai ya ce, "To, madalla. Ya samu mai amsawa ke nan." Ya juya wajen Zuwaira ya sa mata albarka. Bai sake kaɗa taken ba, kuma ba a daɗe ba labari ya zo daga Sakkwato cewa ya rasu.

To kun ji. Kiɗan da amsar a makirufo ɗaya suka shiga, a lungu ɗaya, ni ina tsaye cikin ruwan wankin nama. Na san akwai manhajar da yanzu ke iya tsame murya daga kiɗa, ba sai kun gaya mini ba, na fi ku sanin inda take. In kuka cire muryar Zuwaira kuka ɗora taken a kan waƙarku, tsohon nan zai yi ta kiran Ɗanjuma a kowace waya a Accra, ba mai amsa masa. Da hannuna dai ba za a yi wannan ba.

In kiɗan kalangu kuke so na kanku, akwai sauran masu kaɗawa a Zongo, zan raka ku, zan ma ara muku batirin. Amma ku zo da sassafe, ku sa takalmin da ba ku jin tausayinsa. Kafin mu fita kuma, ga wayoyi can a bayan ƙofa suna jiran mai naɗewa.